Tambaya da Amsa: Me ya sa ɓarɓashin ya kama da wuta?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina sassaƙar ƙarfe a Agege. An kawo mini murfin giyabos daga Ladipo, kasuwar kayan mota a Legas, in rage masa fuska. Na zaci alminiyom ne, ina cikin aiki sai ɓarɓashin ya kama da farar wuta. Wane ƙarfe ne wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Magniziyom aka kawo maka, mai yiwuwa haɗin AZ91, wanda ke da alminiyom kashi 9 da zink kashi 1 cikin ɗari. Nauyinsa giram 1.8 ne a kowace santimita kubik, na alminiyom 2.7, don haka hannu ma yakan faɗa maka. In kana shakka, kankare gefe ka ɗiga ruwan lemun tsami: magniziyom zai yi kumfa, alminiyom ko gezau.

Dunƙulen ba ya saurin kamawa. Haɗarin yana cikin siririn ɓarɓashi da gari. Ƙarfe ne mai daɗin yanka, amma da yawa tsoro kan sa su yi ta shafarsa kaɗan-kaɗan, wannan kuwa shi ke jawo gobarar. Bakin yanka mai dakushi gogawa yake yi, zafi ya taru, ɓarɓashin ya fito kamar gashi. Wasa bakin sosai, ka ba shi sarari ta baya don kada ya goga, ka ci da kauri, kuma kada ka bar shi tsaye a kan aikin inji na juyawa. Ka sassauta ɗauri, domin murfin yakan lanƙwashe, ka bari ya huce kafin ka auna.

Yanka shi a bushe ko da man inji mara ruwa. Farin ruwan sanyayawa da ake sirkawa kuwa, in ya haɗu da ɓarɓashin iskar haidurojin mai saurin kama wuta yake fitarwa. Saboda haka in wuta ta tashi, kul ka watsa ruwa, haka ma tukunyar kashe gobara mai iskar CO2, don magniziyom na ci da wuta a cikin wannan iskar. Busasshen yashi ko hodar rukunin D, wato ta kashe gobarar ƙarfe, za ka rufe wutar da shi a hankali. A damina irin ta Legas yashin yakan ja danshi, sai ka ajiye shi a bokiti mai murfi.

Ka riƙa share ɓarɓashi a kai a kai zuwa durom na ƙarfe mai murfi, nesa da masu walda da dutsen wasi. Da ka gama, shafa wa fuskar mai, domin iskar teku tana saurin cin sa, musamman inda ya haɗu da noti.