Littafin da aka kulle a roba: amsa ga Yayana na Kano

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka na murya ya same ni a jirgin ƙasa ina hanyar aiki, sai da na saurare shi sau biyu. Ka ce ka ga hoton ɗanka riƙe da littafi a cikin roba mai tauri, da lamba a samansa kamar sakamakon jarrabawa, kuma kana mamakin littafin da ba a buɗe shi. Ka kuma tambaya ko gaskiya ne an sayar da irinsa dala miliyan 6. Wannan magana ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

A nan Amurka komik ake ce masa. Littafi ne siriri na labari cikin zane, ƙananan ƙarafa biyu ne suka ɗinke shi a tsakiya. Sababbi suna fitowa kowace Laraba, dala 4 ko 5 ake sayar da ɗaya. Maganar miliyan 6 kuwa gaskiya ce. A watan Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dallas ya sayar da Action Comics lamba 1 a kan wannan kuɗi. A 1938 aka buga shi, a cikinsa Superman ya fara bayyana, kuma a lokacin centi 10 ne kuɗinsa. Samari biyun da suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 aka ba su suka sallama haƙƙinsu. Kai da ke kusa da Wapa ka fi ni saurin juya miliyan 6 zuwa naira.

Amma kada ka ɗauka tsufa ne kaɗai ya ba shi daraja. An buga wajen kwafi 200,000, yau masana harkar suna ƙiyasin kimanin 100 suka rage. Takardar irin ta jarida ce, ba a yi ta don ta daɗe ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu an yi ta tara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, komik ya tafi a ciki. A ƙarshen shekarun 1940 an tara su an ƙona a wasu garuruwa, wai suna lalata tarbiyyar yara. Sauran kuma iyaye mata suka share da su ranar da yaro ya bar gida. Da mutane suka farga, sai aka shiga saye ana ɓoyewa. A 1991 an sayar da X-Men lamba 1 kwafi wajen miliyan 8, kowa ya sa nasa a leda yana jiran arziki. To abin da kowa ya ajiye, wa zai nema? Har gobe ana samunsa da 'yan daloli. Sai abu uku sun haɗu: ya yi ƙaranci, ana son sa, kuma jikinsa lafiya lau. Na ukun nan shi ne lambar da ka gani.

Ka tuna yadda Baba yake kai mu Mariri sayen goro? Kafin a yi maganar kuɗi sai an zube an ware marsa daban, minu daban, an duba wanda tsutsa ta taɓa. Dillali ya juya goro a hannu ya faɗi matsayinsa, a yarda da shi saboda an san shi an san ubansa. Nan ma da haka ake yi. Tun 1970 Robert Overstreet ya fara fitar da kundin farashi duk shekara, amma kundin ba ya ganin littafin da ke hannunka. Mai sayarwa ya ce nasa kamar sabo, mai saye ya ce ya sha jiki. Da ciniki ya koma intanet, mutum a Texas yana sayen abin da ke Ohayo bai taɓa shi ba, rigima ta yi yawa. A shekarar 2000 aka kafa kamfanin CGC, wanda ke Sarasota a jihar Florida, ya zama dillalin da ba ya saye ba ya sayarwa, nasa kawai ya duba ya ba da maki. Daga baya, a 2014, wani mai suna CBCS ya shigo.

Makin daga 0.5 yake zuwa 10. Mai 2 ya sha hannu sosai amma shafukansa duk suna nan. Mai 6 an karanta shi an kula da shi. Daga 9.4 zuwa sama sai ka ƙura ido kafin ka ga aibi. Goma kuwa da wuya a gan ta, ko littafin da ya fito daga maɗaba'a jiya yawanci 9.8 ne iyakarsa, domin injin da ya yanke shi da hannun da ya jera shi a kanta sun riga sun bar alama. Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne tsakanin 9.6 da 9.8, wanda ni da kai ba za mu bambance ba, farashi yana iya ninkawa.

Abin da suke dubawa ya fi abin da mai sayen saniya yake dubawa a Wudil. Suna ƙirga shafi ɗaya bayan ɗaya. Suna bin gadon bayan littafin, inda aka naɗe shi, suna neman 'yan ƙananan karaya da buɗewa ke haifarwa, musamman wadda ta fasa launi har farin takarda ya fito. Suna duba kusurwa huɗu, tana da tsini ko ta dakushe. Ƙarafan nan biyu, sun yi tsatsa? Tsatsar ta ci takarda? Akwai tabon ruwa, ko sawun kofi, ko sunan yaro da biro? Sai launin takardar ciki, wanda ake rubutawa daban a jikin alamar da ke saman robar: fara tas, ko ta fara sirkawa, ko ta yi ruwan ƙasa, ko ta bushe har tana karyewa in an lanƙwasa. Bayan fiye da mutum ɗaya sun duba an tsaya a kan maki, sai a rufe littafin a robar nan yadda ba a buɗewa sai an fasa. Kamfanin CGC yana kuma wallafa adadin kwafi nawa ya taɓa ba kowane maki, don haka mai 9.6 ya san ko su biyar ne a duniya ko su dubu biyar.

Launin alamar ma magana ce. Shuɗiya tana nufin littafin yadda yake, ba a taɓa shi ba. Rawaya ita ce wadda marubuci ko mai zane ya sa hannu a gaban wakilin kamfanin. Koriya tana cewa yana da kyau amma akwai wani babban aibi guda. Misalin da kowa ya sani shi ne Incredible Hulk lamba 181 na 1974: akwai wani ɗan kan sarki na talla a ciki da yara suke yankewa da almakashi, yau duk wanda aka yanke wa nasa darajarsa ta faɗi warwas. Sai mai ruwan hoda-hoda mai duhu, wadda masu harkar suke gudu, domin tana nufin an yi wa littafin gyara: an shafa masa launi, ko an liƙa da gam, ko an cike inda ya gutsure. Har fitila ta musamman suke haskawa don su kama tawadar da aka ƙara. A wurinmu gyara abin yabo ne, wanda ya ɗinke rigarsa ya fi wanda ya bar ta a yage. A wannan kasuwa kuwa an fi son tsoho da tabonsa a kan tsoho da kwalliya. Abu ɗaya da aka yafe shi ne guga: akwai masu danne littafi da zafi da ɗan danshi don lanƙwasa ta miƙe, tunda ba a ƙara masa komai ba.

Ni da kaina na koyi wannan da ciwo. Ɗanka ya tara kuɗin aikin hutu ya sayi wani na shekarun 1970 a wajen baje koli. Wata rana yana makaranta na gan shi a kan tebur, bangon baya ya ɗan tsage. Na ɗauko salatif na liƙe masa, kamar yadda muke yi wa littattafanmu na firamare. Da ya dawo ya gani bai ce mini komai ba, yaron yana da kunya, amma na ga idonsa ya cika. Ashe gam ɗin salatif yana shiga cikin takarda ya bar tabon da ba ya fita, kuma ana rage maki saboda shi. Na ba shi haƙuri, na kuma zauna ya koya mini abin da nake faɗa maka yanzu. Daga baya na ji labarin wani mai gyaran gida a Minnesota da ya tsinci Action Comics lamba 1 a cikin bango a 2013, an cusa shi tare da tsofaffin jaridu don tare sanyi. Garin gardama da wata 'yar uwa bangon baya ya yage, aka ba shi 1.5. Duk da haka an saye shi dala 175,000.

Mu Hausawan Bronx a New York, da na Nijeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana, ba mu da baki ɗaya a kan wannan harka. Yawancinmu da muka zo da girmanmu kallon wasan yara muke yi mata, kuma uwaye da yawa sun zubar da kwalin 'ya'yansu ranar sharar Sallah ba su san me suka zubar ba. In an fito daga Juma'a ana hira, wani zai ce almubazzaranci ne, wani ya ce hotuna ne a cikin gida, wani ya ce caca ce aka sa mata riga. Wani kuma ya ce kaya ne kamar kowane kaya, in ka saya don kasuwanci ka lissafa shi cikin zakkarka. Ni abin da na gani shi ne akwai hanya biyu. Akwai mai saye don ya ji an ce za a yi fim, yana jiran farashi ya tashi cikin wata guda. Irin waɗannan sun cika kasuwa a 2021, da farashi ya sauko da yawa sun ƙone. Wannan ban yarda ɗanka ya bi ta ba, na kuma gaya masa. Akwai kuma mai son abin, ya san tarihinsa, ya sayi abin da aljihunsa zai ɗauka.

Yaranmu da aka haifa a nan, wannan yana cikin abin da suka tashi da shi, kamar yadda muka tashi da tatsuniya da fim ɗin Indiya. Lokacin da fim ɗin Black Panther ya fito a 2018 ka ga yadda suka yi ta murna da jarumi ɗan Afirka, ɗanka har ya binciko cewa tun 1966 aka ƙirƙiro shi, a Fantastic Four lamba 52. Yaron da ba ya iya ajiye takalminsa wuri ɗaya, yau shi ne mai wanke hannu kafin ya taɓa takarda. Kowane littafi da ledarsa da kwali a bayansa, a tsaye cikin akwati, nesa da taga da bututun ɗumama ɗaki. Ba ya yarda a kai su ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tun da ruwan guguwar Ida ya cika irin waɗannan ɗakuna a New York a Satumbar 2021.

Inda na tsaya tare da kai shi ne maganar kullewa. Har yanzu raina bai kwanta da littafin da ba a karantawa ba. An rubuta shi don a buɗe, yanzu ya zama kamar zinariya a banki. Kuma mutane ne suke ba da makin, ana fasa roba a sake aikawa a samu wata lamba daban. Na faɗa wa ɗanka haka. Ya ce guda uku kawai ya kulle, sauran duk yana karantawa, waɗanda ya kulle ma yana da labarinsu a waya.

Sai batun waɗanda ka ce suna cikin tsohuwar adakarka tun muna sakandare. Ba zan sa maka rai ba, Yaya. Zafin Kano da ƙurar hunturu da danshin damina ba sa barin irin wannan takarda da fari, ga gara, ga mu da muka yi ta karɓa-karɓa da su a aji. Amma ka fito da su mu gani. Kada ka goge su da tsumma, kada ka miƙar da lanƙwasa, salatif kuwa ko kusa. Ka shimfiɗa kowanne a kan tabarma a inuwa, ka ɗauki hoton gaba da baya da tsakiya inda ƙarafan suke. Ka matso da waya kan kusurwar da aka rubuta lamba da farashi, don a gane ko kuɗin Amurka ne a jiki ko na Ingila. Ɗanka ya ce zai duba su ɗaya bayan ɗaya ranar Lahadi, kuma yana roƙon in akwai wanda ka rubuta sunanka a bango, shi yake so ka ajiye masa.

A gaida Hajiya da yara.