Amsa kan lambar da aka nuna wa ƙanenmu a Balad

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka, kana tambaya ko ka sayi lambar yabon da mai shago ya nuna maka a Balad, nan Jidda, wadda ya ce Turkawa ne suka ba wani malami saboda iliminsa.

Na duba hoton sosai. Ka ga kan jirgin ƙasan nan da ke ƙarƙashin tambarin sarki? To wannan lambar layin dogon Hijaz ce, ta zamanin Sultan Abdulhamid na biyu, sarkin daular Usmaniyya ta Turkawa. An fara aikin a 1900, jirgi ya isa Madina a 1908, kuma waɗanda suka ba da gudummawa ake ba wa ita. Kayan tarihi ne mai daraja, wallahi ni ma ina son ta, amma ba ta malamai ba ce. Tasu daban take, nishanin Ma'arif, wato lambar yabo ta ilimi, wanda aka kafa a 1910.

Abin da ya fi damuna, ina takardarta? Turkawan wancan zamanin ba sa ba da lamba haka kawai, da takardar shaida take zuwa, da sunan mai ita. Ni dai tun da na fara tara irin waɗannan, sunan nake bi kafin ƙarfen. Dubi Lambar Sarki Faisal da aka fara bayarwa a 1979. Zinare ne giram 200, amma ba nauyin ne ke sa gabanka ya faɗi ba, sai ka ji wa ya karɓa. Malam Abubakar Gumi, Allah ya jiƙan shi, ya samu a 1987. Ahmed Zewail, masanin kimiyya ɗan Masar, ya samu ta kimiyya a 1989, shekara goma kafin Nobel ɗinsa. Farfesa Abdullahi al-Tayyib na Sudan, wanda ya koyar da iyayenmu a Kano, ya samu ta adabin Larabci a 2000.

Saboda haka ka koma wurin mai shagon bayan la'asar. Ka tambaye shi takarda, ka ɗauko min hoton bayan lambar da gefenta, don jabu sun yi yawa, waɗanda aka yi da zubin ƙarfe gefensu ke tona su. In ta gaske ce ka yi ciniki a kan farashin lambar jirgi. Kuma don Allah kada ka bari ya goge ta da man goge ƙarfe, baƙin nan da ta yi shi ne shaidar shekarunta.