Zan iya ratsa tsaunukan Atlas a keke bayan girgizar ƙasar Maroko?

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Garwa ne ta ƙasar Kamaru, ina karatu a Marrakesh ta Maroko. A gida na saba da keke, har na taɓa hawa daga Mokolo zuwa Rumsiki. Ina so idan an yi hutu in bi hanyar Tizi n'Test, wadda ta ratsa ta saman tsaunukan Atlas, zuwa Tarudant, amma Inna ta ce can ne ƙasa ta yi girgiza, kada in kuskura. Har yanzu akwai hatsari? Kuma ya dace mutum ya je yawon buɗe ido inda mutane suka yi asarar rayuka?

AMSA: Ƙanena, Inna tana da gaskiya a kan wurin. Girgizar ta auku ne daren 8 ga Satumba 2023, da misalin ƙarfe 11, ƙarfinta ya kai maki 6.8, kuma cibiyarta tana lardin Al Haouz, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da Marrakesh. Mutane kusan 3,000 suka rasu. Hanyar da ka zaɓa ta bi ta tsakiyar yankin da abin ya fi shafa: Asni, Wirgan, Talat N'Yakub, sannan ta hau Tizi n'Test.

Sai dai abin da take tsoro ba shi ne ya fi damuna ba. Ƙananan girgizar da ke biyo bayan babba suna da yawa a kwanakin farko, daga nan suna ta raguwa har su zama jefi-jefi. Babu mai ilimin da zai rantse maka wata ba za ta sake zuwa ba, amma mu da aikinmu ya shafi ƙasa da hanyoyi, idonmu ya fi karkata ga gangaren duwatsu. Girgiza tana tsattsage dutse, ta sassauta ƙasar da ke riƙe da shi, ta bar shi a rataye. Dutsen da bai faɗo a daren ba yana nan yana jiran ruwan sama ya shiga tsagar, ko sanyi ya daskarar da ruwan ya ƙara buɗe ta. An ga haka a Sichuan ta China bayan 2008, an gani a Nepal bayan 2015: zaftarewar ƙasa ta ci gaba shekaru bayan girgiza ta lafa. Mai mota yana da rufi a kansa, kuma yana wuce wurin cikin daƙiƙa kaɗan. Kai kuwa a hawa tafiyarka ba ta fi ta mai sassarfa ba.

Saboda haka ka koyi karanta hanya. Duk inda ka ga tsakuwa da ƙananan duwatsu masu sabon karaya a kan kwalta, daga sama suka zo, kuma akwai saura. Kada ka tsaya shan ruwa ko yin faci a nan. Tura keken gaba sai ka fita daga ƙarƙashin gangaren. Idan an yi ruwa mai ƙarfi, ba wa dutse kwana ɗaya ko biyu. Batun kwana kuma, busasshen rafi shi ne wurin da ya fi jan hankalin mai tanti, ga yashi mai laushi, ga shi a shimfiɗe. Ka san yadda mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, yake yi a Marwa: sama tas a inda kake, ruwan da aka yi a kan tsauni ya taho da ƙarfinsa. A Atlas abin ya fi muni don kwarin matsattse ne. Ambaliyar kwarin Urika a watan Agusta 1995 ta kashe mutane sama da 100, da yawansu masu shaƙatawa a bakin ruwa.

Rumsiki ta koya maka hawa, amma kada ta ruɗe ka. Ƙololuwar tsaunukan Mandara, inda Rumsiki take, ba ta kai mita 1,500 ba. Marrakesh tana kan mita 460 ko kusa da haka, Tizi n'Test kuma kusan 2,100, a tafiyar da ta haura kilomita 200. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana sauka da digiri 6 da ɗan abu. Jikin da ya girma a zafin Garwa zai ji daren can har ƙashi, don haka rigar sanyi da safar hannu dole ne. Afrilu zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su ne lokacin. Da hunturu dusar ƙanƙara takan toshe hanya, a tsakiyar bazararsu kuma ga zafi a kwari ga hadarin yamma.

Ni gangarar kudu ta fi hawan ba ni tsoro. Za ka sauko sama da mita 1,500 a kan hanya siririya mai kwana-kwana. Idan ka danne burki ba sassautawa, ƙarfen taya zai yi zafi har tubu ya fashe. Ka riƙa kamawa kana saki, kana tsayawa ya huce. Tafi da robar burki ta canji, tubu biyu, kayan faci da famfo, don mai gyaran keke ba a kowane ƙauye yake ba. Bayan girgizar kuma an fara aikin gyara da faɗaɗa hanyar, in ba a gama ba ka sa ran ƙura da manyan motoci. Direbobin tasi na Asni sun fi kowace taswirar waya sanin halin da take ciki a ranar.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda na ji daɗin da ka yi ta. Zuwa ya dace. Mutanen kwarin nan da yawa da baƙi suke ci: masu masauki, masu alfadarai, masu jagora zuwa Tubkal, dutsen da ya kai mita 4,167. Gwamnati ta ware dirhami 140,000 ga gidan da ya rushe gaba ɗaya, 80,000 ga wanda ya lalace, amma kai siminti da ƙarfe ƙauyen da ke saman dutse ba wasa ba ne, kuma iyalai da dama sun daɗe a tanti. Kuɗin da ka kashe a wurin yana da amfani, in dai ba ka zame musu nauyi ba. Imazighen, wato Berber mazauna tsaunukan, mutane ne masu karamci. Za su kawo maka shayi da burodi da man zaitun ko da shi ke nan abin da ya rage. Ka sha shayin, ƙin sha rashin ladabi ne. Kwana da abinci kuwa, nemi ƙaramin masauki ka biya, kada ka tsaya ciniki kamar kana kasuwar Garwa. Guzurinka ka saya a kasuwar Asni, ranar Asabar take ci.

Waya kuma ka bar ta a aljihu idan ka iso kango. Abin da kake gani tarin ƙasa, a wurin mai shi nan ne aka tono 'ya'yansa. Sai an ba ka izini. Masallacin Tinmel na ƙarni na 12, wanda sarakunan daular Muwahhidun suka gina, ya rushe sosai. Za ka wuce kusa da shi, amma kada ka shiga inda aka killace. Harshensu Tashelhit ne, sallama da Faransancinka za su ishe ka, Larabcin Maroko da ka tsinta a makaranta kuma zai ƙara.

Kai kaɗai dai ban yarda ba. Nemi aboki, ku raba tafiyar kwana uku ko huɗu, ku bar wa wani a Marrakesh sunan garin da za ku kwana kowane dare, don akwai wuraren da waya ba ta kamawa. Sannan ka kira Inna ka yi mata wannan bayanin dalla-dalla. In ta ce a'a bayan ta ji, ka tsaya Asni ka juyo. Kilomita 50 ne, kuma ana zuwa a dawo a yini ɗaya.