Me Ke Jefa Matasa Cikin Shan Ƙwaya a Wuraren Casu?

Tambaya: Likita, ƙanena yaro ne mai kunya da natsuwa, kuma bai rasa komai a gida ba, amma na gano yana shan ƙwaya duk lokacin da suka fita casu da abokansa. Me ke jawo haka?

Amsa: 'Yar'uwa, kunyar nan da kika ambata ita ta fi ɗaukar hankalina. Matashin da gabansa ke faɗuwa idan ya shiga taro, yana ganin kamar kowa aibinsa yake kallo, yana cikin masu saurin kamuwa, domin ƙwayar tana ba shi abin da ya daɗe yana nema, wato sakin jiki da mutane. Alal misali, ƙwayar MDMA, wadda ake kira ekstasi, tana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin serotonin, mai tasiri kan walwalar mutum, da yawa lokaci guda, sai fargaba ta gushe, mutum ya ji kowa nasa ne. Sai dai bashi ya ci, domin bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙunci da kasala sukan sauko masa, shi kuma ya ɗauka rayuwa ba ta da daɗi sai a wurin casu.

Taron kansa yana da ƙarfi ƙwarai. Tun 1912 kamfanin Merck na Jamus ya haɗa sinadarin MDMA, amma bai bazu cikin matasa ba sai a shekarun 1980, lokacin da ya shiga gidajen rawa na Amurka da Turai. A irin wannan wuri matashi yakan zaci kowa yana sha, ko da masu shan ba su da yawa, kuma tsoron kada a ce masa matsoraci yakan rinjayi tsoron cutarwa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, ga shi kuma idon abokai yana ƙara wa matashi ganganci. Da tafiya ta yi nisa, kiɗan da hasken fitilun kaɗai sun isa su tayar masa da sha'awar.

Ina roƙonki kada ki kunyata shi a gaban jama'a, domin hakan zai ƙara tura shi wurin waɗanda yake jin sun karɓe shi. Ki zauna da shi a keɓe, ki tambaye shi yadda yake ji cikin mutane idan bai sha komai ba, sannan ki raka shi wurin likitan halayyar ɗan Adam a duba wannan fargaba, domin tana da magani.