Amsa ga mai tambaya kan tamowa a ƙauyen da ake noma

Malam, ka tambayi yadda yara ke ramewa a ƙauyenku na wajen Ringim alhali ana noma gero da wake. To, rumbu cike ba shi ne lafiya ba. Da kaka ake sayar da wake da gyaɗa saboda bashin taki da biki, a bar wa gida tuwo da miyar kuka. Yaron da aka yaye bai ga ƙwai ba, bai ga kifi ba, sai koko tsararo.

Sannan ka duba watan Agusta. Hatsi ya ƙare, sauro ya yi yawa, ruwan rijiya ya gurɓace. Gudawa kwana uku ta isa ta zubar da yaro, shi kuwa mai tamowa ko kyanda ce ta kama shi sai ta nemi ransa. A ganina, nan ne matsalar take.

Ku ware buhun wake na gida, a adana a buhun PICS, wato buhu mai ledoji a ciki da iska ba ta shiga, ba tare da feshin magani ba. A zuba garin gyaɗa da zogale a kunu, amma gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, tana lalata hanta. Jariri kuwa nono zalla har wata 6. In ƙafafun yaro suka kumbura, a kai shi asibiti ranar.