Sadakar Baffa Soja

Ɗana, na ga saƙonka. Wai tunda kowa ya watse, wasu Abuja wasu Legas, me zai hana a daina taruwa sadakar Baffa Soja duk shekara, kowa ya tura kuɗinsa ta waya a ba wani masallaci, tunda a cikinku ba wanda ya san mutumin balle kabarinsa. Wallahi sai da na yi dariya, amma daga baya jikina ya yi sanyi, ashe haka kuka tashi ba ku san ko waye ake wa addu'ar ba.

Ƙanin kakanku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin yaƙin Hitila aka ce hakimai su kawo samari, aka tafi da shi, ya faɗa runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, a 1943 aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga nan sai dajin Boma, ƙasar da kuke ce wa Myanmar yanzu, inda Ingila ke gwabzawa da Japan. Aka gama yaƙi a 1945, 'yan Boma suka riƙa dawowa da kaki da akwatin ƙarfe, shi shiru. Takarda ta zo cewa ya rasu, Inna kakarmu ta ce ita ba ta yarda da mutuwar takarda ba, shekara da shekaru ana share ɗakinsa.

Toh ina yaro, wata ranar kasuwa bayan la'asar, sai ga wani dogon mutum yana ɗingishi ya yi sallama a zaure, ya ce daga wajen Zariya yake, ya daɗe yana cigiyar gidan nan. Aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta zauna daga bayan ƙyaure, mu yara muka maƙale a lungu ba wanda ya kore mu. Ya ce tare suka shiga kwarin kogin Kaladan, daji ne na gora da tsaunuka, ba hanyar mota sai wadda suka sara da adda, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuwa jirgin sama ne ke jefo musu da lema, ga matsattsaku ga ruwan sama. A watan Maris na 1944 Japanawa suka zagayo musu wajen Kyauktaw aka ce a ja da baya, a nan harsashi ya sami Baffa a ciki, suka ɗauke shi kwana da yini kafin rai ya yi halinsa. Duk wannan Inna ba ta ce uffan ba. Da ya gama sai ta ce, kun yi masa salla? Ya ce mun yi Inna, a bargonsa muka naɗe shi. Ta ce kun fuskantar da shi gabas? Mutumin ya ɗan yi jim, ya ce a can alƙibla yamma take, wani malami a cikinmu ne ya nuna mana. Sai a lokacin ta fashe da kuka, washegari aka yi sadakar farko, gumba da waina, shi ma baƙon ya kwana ya ci.

Daga baya da na yi karatu na gane abin da yake nufi da ya ce yaƙin can na ciki ne, wato na abinci da lafiya. Janar Slim na Ingila ya tsaya kan abinci da magani, ƙwayar zazzaɓin nan mai sa jiki ya yi rawaya dole kowa ya sha, hafsan da yaransa ba sa sha sai ya tsige shi. Shi kuwa Mutaguchi na Japan ya tura dakarunsa garuruwan Imphal da Kohima na Indiya da guzurin kusan mako uku, wai za su ci na abokan gaba, damina ta sauka yunwa da cuta suka yi ta kashe su a hanya. Kakanku kan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba wai ina wanke Turawa ba ne fa, 'yan ɗaukar kayanmu da yawa ko bindiga ba a ba su ba, kuɗin sallamar ma bai kama ƙafar na farar fata ba.

Yanzu kuna wuce barikin Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya da Dodan a Legas, ba mai tambayar daga ina sunayen suka fito, alhali daga yaƙin Boma ne, kowa kansa na kan waya. Kuɗin da za ka tura lada ne, ban ce ba lada ba ne, Allah ya karɓa. Amma mu an ce mana zumunci a ƙafa yake, kuma a wajen taron nan ne kaɗai ake kiran sunansa yara su ji.

Gwaggonka ta fi ni riƙe abin da mutumin ya faɗa, ita ta kai masa ruwa ranar, har waƙar da suke yi a jirgi ta iya. Ka je ka same ta da kanka, kar ka ce za ka kira ta, kunnenta ya yi nauyi.