Kar Ka Taɓa Ɗanyen Reshe A Hunturu

Ka ce wata mata daga Sabon Gari ta zo shago ba na nan, tana son 'yan ƙananan kayan ado na katako guda 60, taurari da ƙararrawa da kifaye, na ratayawa a bishiyar Kirsimeti. Ba ta son fenti, ita da 'ya'yanta za su shafa da kansu. Kai kuma ka gani a waya Turawa na yanka reshen itace fala-fala kamar faifai, shi ne kake tambaya ko ka saro reshen darbejiyar ƙofar shago tunda kyauta ne.

Kul, yaro! Wayar nan da ba ta barin hannunka ba ta gaya maka a wace iska Baturen ya yi aikinsa ba. Bikin nasu 25 ga Disamba ne, tsakiyar hunturun Kano ke nan, lokacin da leɓenka ma tsagewa yake yi, balle itace mai ruwa a ciki.

Itace in yana bushewa ba daidai yake tsukewa ba. Tsukewar da yake yi ta kewaye ta kusa ninka wadda yake yi daga ɓargo zuwa ɓawo sau biyu. Faifan reshe kuwa da ɓargonsa a tsakiya, ba shi da inda zai kai wannan bambanci, sai ya buɗe baki daga gefe har cibiya kamar an yanki kankana. Na san wannan da aljihuna. Wata shekara wani ɗan kasuwa ya ba ni aikin irin faifan nan guda 300, ya ce sauri yake, a yi da abin da ya samu. Aka saro malaina ɗanya a ƙarshen Nuwamba, aka yanka, aka goge, aka shafa banish a fuska ɗaya, suna ta ƙyalli. Ban karɓi kafin alƙalami ba don mutumin da fara'arsa, kullum "Oga, ai mun zama ɗaya". Kwana biyar sai ga shi da buhu. Fuskar da ba banish ta riga ɗayar bushewa, duk sun lanƙwashe kamar cokali, fiye da rabi sun tsage, ɓawon yana zubowa a gindin buhun. Na zazzage na ƙirga, 220. Ina sauran 80? Ya ce ai sun lalace ya zubar. Wanda ya zubar da 80 me ya sa ya sha wahalar ɗauko 220 a Adaidaita? Sayar da su ya yi kafin su tsage, kuma ko sisi bai ba ni ba. Kuɗin banish da tina da ladan yara biyu na kwana huɗu, duk a kaina. Har yau in ya hango ni sai ya tsallaka titi.

In dole sai faifan reshe, a sare shi tun ƙarshen damina, kar kaurinsa ya wuce inci biyu, a jingine shi a inuwa wata uku da gam a bakinsa biyu, sannan a yanka a karkace. Ko haka ma wasu za su tsage. Ba ka da wata uku, saboda haka bar darbejiya ta ci gaba da ba mu inuwa.

Filawud za ka yi da shi, mai kaurin milimita 3, in ya yi yawa 4. Shi siraran fallayen katako ne aka manna, kowane ya gitta na ƙarƙashinsa, shi ya sa hunturu ba ya tsaga shi. Kar ka yi da mai 12 ko 18 da muke kabad da shi: bishiyar tasu yawanci ta roba ce, rassanta waya, abu mai nauyi sunkuyar da su yake yi. MDF ma, allon garin katakon nan da aka matse da gam, ban yarda ba, gefensa shan fenti yake kamar soso, ya kumbura. Cikakken filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8. In ka zana gida-gida na inci uku da kwata, layi 14 sau 29, guda 406 ke nan. Ka ga 60 ba ta kai a je 'Yan Katako a Na'ibawa a sayo sabo ba, ragowar bayan kabad da ke jibge a lungu ta isa.

Zana siffar a kwali ka yanke, da ita za ka riƙa bi da fensir. Yadda ake riƙe zarto kuwa, in sai na koya maka yanzu, to shekara biyun nan a banza ka yi su. Abin da yaran yanzu ba sa yi shi ne haɗawa: jera falle huɗu, ka kafe su da ƙananan ƙusoshi a wurin da za a zubar, ka yanka huɗu a tashi ɗaya. Jigso, wato zarton lantarki na yanka siffa, yana ci ne in bakinsa na hawa sama, don haka fuskar sama ce ke tsattsagewa. Kifa fuska mai kyaun ƙasa, ka manna salatif ɗin takarda a kan layin.

Huda ramin zare kafin yanka, ba bayansa ba. Bakin injin huji mai milimita 3, nesa da gefe kamar milimita 8, da guntun katako a ƙasa don kar bayan ya fashe. Wanda ya yanke tauraro sannan ya zo huda tsininsa, a hannunsa zai karye. Tsinin ma kar ka bar shi kamar mashi, yara ne za su riƙe. Dakushe shi da sanfefa lamba 120, ka bi da 220 har sai ka shafa a bayan hannunka bai karce ka ba.

Kafin ka miƙa, dama farin gam ɗaya da ruwa uku, ka shafa gaba da baya da gefe. Gaba da baya na ce. Filawud siriri ma in ya jiƙe ta fuska ɗaya lanƙwasa yake yi. In ya bushe gashin katakon zai tashi, sai ka sake bi da 220 sama-sama. Shanya su a cikin shago a rataye jikin waya, kar a waje, ƙurar hunturu tana manne wa duk abin da bai bushe ba.

Ita kuma ka gaya mata ta sayi fentin ruwa, wanda ake wanke burushinsa da ruwa. Fentin mai da tina ba na yara ba ne, warinsa na hawa kai, wani ma da dalma a ciki, yaro kuwa komai baki yake kaiwa. Su shafa siriri sau biyu, na farko ya bushe tukuna, su yi duka fuskokin. Zarto da injin huji namu ne. Nasu burushi, ƙyalƙyali da zura kirtani, kowane tsawon taƙi ɗaya.

Yanka 66, don sai wasu sun karye a hannun yaran, shidan ka ba ta gyara. Kuɗin kuwa kar ka lissafa da katako, tunda katakon ragowa ne. Lissafa da yinin da guga zai ci maka, da bakin jigso ɗaya, da sanfefa. Ta ba da rabi kafin ka ɗora fensir a kan kwali, ka rubuta adadin a littafi a gabanta, ranar karɓa kuma ku ƙirga tare ɗaya bayan ɗaya. In ta dawo gobe ka yanka mata tauraro ɗaya ta gani, ka kawo min shi tukuna in duba ramin.